Takalmin Babanka

Ɗana, na ji babanka ya ƙi takalmin robar da masu gashin ƙashi suka ce a yi masa, wai kada mutanen Bagwai su ɗauke shi gurgu. Ka lallashe shi, amma ka fara gane abin kai kanka.

Shanyewar ɓarin jiki irin ta babanka daga ƙwaƙwalwa take tasowa, kuma galibi hawan jini ne sila. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe, sai saƙo ya daina isa ga naman da ke ɗaga tafin ƙafa. Shi ya sa kake ganin yatsunsa na sharar ƙasa, sai ya wurga ƙafar gefe kafin ya taka. A tsakar gida ma ɗan tudu ya isa ya kayar da shi, balle kunyoyin gonarku ta Watari. Takalmin nan bayan ƙwauri yake bi, ya shige ƙarƙashin tafin ƙafa, ya riƙe idon sawu kada ya turguɗe. Ba magani ba ne. Amfaninsa shi ne mutum ya taka ba fargaba, takawar kuwa ita ke sake koya wa ƙwaƙwalwa aikinta. A watanni 3 zuwa 6 na farko jiki ya fi karɓar horo, kada su ƙare yana kan tabarma.

Ku kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a auna shi. Filasta ake naɗa wa ƙafar a ɗauki siffarta, sannan a ƙera. Na san halin aljihu a bana, amma kada sauƙi ya sa ka aro na wani, kowa da ƙafarsa. A fara sa masa safa mai tsabta, bayan robar kuma takalmi sau-ciki ya hau. Silifas ba ya riƙe ta. Kowane dare ka duba diddige da idon sawu, domin shanyayyiyar ƙafa ba lallai ta ji zafin guga ba. In shati ya wuce rabin awa bai baje ba, ko ka ga bororo, a cire, a koma wurin masu ƙerawa su gyara.

Sanda a hannu mai lafiya ake riƙe ta. In za ku tayar da shi, kada a ja shanyayyen hannun, kafaɗar na iya gocewa. Maganin hawan jini kuwa, ko ya fara zuwa masallaci da ƙafarsa, kada ya daina sai likita ya ce.