Ruwa ko Abin Shan 'Yan Wasa: Matsalar Suna da Tasirinta ga Lafiya

A Hausar rediyo da ta talla, "abin sha mai ƙara kuzari" ya zama inuwa ɗaya da ake tara abubuwa biyu mabambanta a ƙarƙashinta. Akwai abin shan 'yan wasa irin su Gatorade da Lucozade Sport, akwai kuma mai ɗauke da sinadarin kafin irin su Red Bull. Wannan haɗakar suna ba ƙaramar magana ba ce, domin mai saye kan ɗauki kwalba ne bisa abin da sunanta ya alkawarta masa.

An fara haɗa Gatorade a shekarar 1965 a Jami'ar Fulorida ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin likitan ƙoda Robert Cade, domin 'yan ƙwallon jami'ar da ke atisaye cikin zafi. Hikimar da ke ciki ita ce, gumi ba ruwa zalla ba ne, da gishiri yake fita. Hanji kuwa ya fi saurin tsotsar sinadarin sodiyam idan yana tare da sukarin gulukos, ruwa kuma sai ya bi bayansu zuwa cikin jini. Ke nan an yi shi ne domin wanda ya haura awa guda yana aikin ƙarfi, gumi na zuba.

Ga wanda ba ya cikin wannan hali, lissafin ya sauya. Rabin lita na irin wannan abin sha na ɗauke da kimanin giram 30 na sukari, alhali ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta taƙaita babban mutum a kan kusan giram 50 a yini. Ɗalibin da ya kwankwaɗi kwalba guda a ɗakin karatu ya riga ya cinye fiye da rabin rabonsa. Lebura ko mai tura kurar ruwa a tsakiyar bazara ya fi mafi yawan masu motsa jiki zubar da gumi, amma shi ma tuwo da miya ko fura da nono kan mayar masa da gishirin da ya rasa, muddin yana shan ruwa a kai a kai.

Shi ma ruwan yana da iyakarsa. Binciken da aka yi a gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Bostan a 2002 ya gano cewa kashi 13 cikin 100 na 'yan tsere 488 sun ƙare da ƙarancin sodiyam a jini, abin da aka danganta da yawan sha. Abin lura shi ne, waɗanda suka sha abin shan 'yan wasa ba su tsira daga wannan matsala ba.

Inda ruɗanin ya fi haɗari shi ne wajen yaro mai gudawa. Ruwan gishiri da sukari, bisa haɗin da hukumar ta amince da shi a 2002, na da milimol 75 na sodiyam da giram 13.5 na gulukos a kowace lita. Abin shan 'yan wasa na da kusan milimol 20 ne kawai, sukarinsa kuwa ya ninka wancan har sau huɗu. Yawan sukari kan janyo ruwa zuwa cikin hanji, sai gudawar ta ƙaru. Uwar da ta ga ɗanta ya galabaita, aka ce mata ga mai "ƙara kuzari", ba ta da laifi idan ta saya. Ta yiwu ma ta ɗauko gwangwanin Red Bull mai miligiram 80 na kafin.

Nan aikin masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ya shigo. "Ruwan gishiri da sukari" ya karɓu ne saboda ya faɗi abin da ke ciki, bai yi wa kowa alkawari ba. A bisa wannan ma'auni, "abin shan 'yan wasa" ya dace da rukuni na farko, tunda ya ambaci waɗanda aka yi dominsu, na biyu kuma a kira shi "abin sha mai hana barci", ko da masu talla ba za su so haka ba.