Darasi: Gasa Naman Ƙirjin Sa A Tanderu

'Yan'uwa manoma, duk shekara bayan kaka ƙungiyoyi da yawa sukan tara kuɗin watanda, waɗansu kuma sukan yanka tsohon san noma wanda ya gaji da garma su raba a tsakaninsu. Inda aka yi irin wannan rabo kuwa akan ji ƙorafi iri ɗaya. Wanda kasonsa ya faɗa a kan naman ƙirji yakan ce an cuce shi. An soya a gida ya zama kamar fatar ganga, an gasa a wuta ya ƙi taunuwa, tsofaffi suka ba yara, yara suka ba kare. Ga nama da tsada, ga kuɗin da aka yi watanni ana tarawa. A wannan darasi za mu koyi cewa laifin ba na naman ba ne, na wutar da muke ba shi ne.

Me ya sa ƙirji yake da tauri?

Fiye da rabin nauyin sa yana kan ƙafafunsa na gaba. Sa ba shi da ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji kamar na mutum, saboda haka tsoka da jijiya ne suke riƙe da gabansa. Idan ya tsaya, ko ya kwanta, ko yana jan garma, naman ƙirji yana cikin aiki. Naman da ke aiki kullum cike yake da farar jijiya da tantani. Idan wuta mai ƙarfi ta same su sai su ƙanƙance su matse ruwan naman waje, kamar yadda ake matse wanki.

Amma ku tuna da farfesun ƙafar saniya. Ba abin da ya fi ƙafa jijiya, duk da haka idan ta daɗe a wuta takan yi laushi, romonta ya yi danƙo a leɓe, in ya huce ya daskare. Wannan danƙo jijiyar ce ta narke. Tana fara narkewa sa'ad da zafin cikin nama ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Selshiyas, amma a hankali take yi, sai an ba ta awoyi. Ba a samun laushi sosai sai cikin naman ya kai digiri 90 zuwa 95. Da Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, sai ka ce naman ƙirji suke nufi.

Masu tsire sun san wannan. Shi ya sa suke zaɓen tsoka mai laushi su yanka ta falle-falle, gama ita minti kaɗan take bukata. Dabarar tsire ba ta yi wa ƙirji.

Yadda ake yi a Amurka

A jihar Tekzas ta Amurka wannan yanki da muke rainawa shi ne sarkin nama. Suna kiransa biriskit, gashin kuma babakiyu. A ƙarni na 19 mahauta 'yan asalin Jamus da ƙasar Cek da suka zauna a tsakiyar jihar sukan ƙyafe naman da ya yi kwantai don kada ya lalace, su sayar wa ma'aikatan gonakin auduga a kan takarda. Har yau akwai irin waɗannan wuraren gashi a garin Lokhat, mutane suna zuwa daga nesa su ci. Ƙirji guda yakan kai kilo 5 zuwa 7. Gishiri da baƙin masoro kaɗai suke shafa masa, su ajiye shi nesa da wuta inda hayaƙi da zafi kamar digiri 110 zuwa 120 suke ratsa shi, har awa 12 ko fiye.

Kada mu kwaikwaye su ido rufe. Yawancin shanunsu akan tsare su a ciyar da su masara, a yanka su tun ba su cika shekara 2 ba, kitse ya ratsa tsokar ko'ina. Namu Bunaji ne da Bokolo da Rahaji, waɗanda suka yi shekaru suna yawon kiwo ko suna huɗa. Idan muka bar ƙirjin irin wannan sa a buɗe awa 12, kilishi za mu samu, kilishin ma marar daɗi. Namu tilas a rufe shi, a sa masa ɗan ruwa. Ko a Amurka, masu yin gashin nan a gida cikin obin rufewa suke yi.

Zaɓen nama da shirya shi

A ranar yanka ku roƙi mahauci ya cire ƙirjin dunƙule ɗaya ba ƙashi, kada ya daddatsa shi da gatari yadda aka saba. Kilo 2 ya ishi gida mai mutum 7 ko 8, gama wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa yakan tafi a wuta. A bar kitsen da ke bayansa, kaurin kamar rabin ɗan yatsa. Idan san ramamme ne, a yanko ɗan tozo a shimfiɗa a kai. Tozon kansa ma yana yin daɗi ƙwarai da wannan gashi. Mutanen Barazil, waɗanda shanunsu masu tozo ne kamar namu, haka suke yi da shi.

Abu ɗaya ba ma sassautawa a kansa. Dabbar da ta mutu da kanta, ko wadda aka yanka tana bakin mutuwa ba a san ciwonta ba, ba ta shiga watanda. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ciwon saifa a wata gona a Suleja, Jihar Neja. Ciwon nan yakan kama mai fiɗa tun kafin nama ya ga wuta. A kira malamin dabbobi ya duba kafin yanka da bayan yanka.

Ga kilo 2, a haɗa gishiri ƙaramin cokali 3 ko 4, dakakken masoro cokali 2, barkono cokali 1, da tafarnuwa da citta gwargwadon so. Kanumfari kaɗan ya isa, in ya yi yawa yakan danne ƙanshin nama. A shafe ko'ina. Mai firij ya bar shi ya kwana a ciki, gishiri ya ratsa. Wanda ba shi da firij kada ya bari ya kwana: ya shafa, ya jira rabin awa a inuwa a rufe, ya sa a wuta a ranar. Yajin ƙuli-ƙuli a ajiye shi sai lokacin ci, domin gyaɗa takan ƙone ta yi ɗaci.

Tanderu ba ya ba da ƙanshin hayaƙi. Mai son ƙanshin nan ya fara ɗora naman a kan waya bisa garwashi na minti 20 zuwa 30, yana juyawa har bayansa ya yi ja. Ya jefa 'yan guntayen busasshiyar ƙirya su yi hayaƙi. Ƙirya dangi ce ga wani itace mai ƙaya da ake ƙyafe nama da shi a Tekzas. Kada a yi kusa da itacen tinya, ko katako mai fenti, ko turken da aka jiƙa da magani. Hayaƙinsu dafi ne.

Wuta

A yanka albasa manya 2 a shimfiɗa a gindin tukunyar ƙarfe ko faranti mai zurfi. A ɗora naman, kitse yana sama. A zuba ruwa ko romo kofi 1 a gefe, ba a kan naman ba, don kada ya wanke yajin. Ruwan kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin naman, gama ba farfesu muke yi ba. A rufe ruf. Idan murfin ba ya kamawa, a shimfiɗa ganyen ayaba ko takardar alminiyam a ƙarƙashinsa, ko a liƙe bakin da kwaɓaɓɓiyar fulawa. Takardar buhun siminti da muke gani a tukubar waɗansu masu balangu ba ta dace da abinci ba.

Mai obin na gas ko na lantarki ya sa shi a digiri 150. Yawancinmu ba mu da shi, amma ba mu rasa hanya ba. Ƙungiyar da take da tanderun burodi ta fi kowa sa'a. Bayan an kwashe burodi, zafin da ya rage a jikin ginin yakan tafi a banza. A jira ya sauka, a jera tukwanen gidaje 3 ko 4 a ciki, a toshe ƙofa. Itace ɗaya ya yi aiki biyu ke nan. Don a gane zafin, a barbaɗa fulawa a kan murfin gwangwani a sa a ciki. Idan bayan minti 5 ta ɗan sauya launi kaɗan, ya yi daidai. Idan ta yi baƙi, a ƙara jira. Wanda ba shi kusa da tanderu ya yi yadda mata suke gasa kek: babbar tukunya, yashi a gindinta, ƙaramar tukunyar nama a kan yashin, garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi.

Kunne ya fi ido amfani a nan. Ku kara kunne kusa da tukunya. Idan kuna jin tana tafasa a hankali, ɗis, ɗis, wuta ta yi. Idan tana ɓararraka, a rage garwashi. Idan ta yi tsit, a ƙara, domin nama a cikin ɗumi-ɗumi lalacewa yake yi. Kada a buɗe kafin awa 3 ta cika. A lokacin sai a duba ruwa, in ya ƙafe a ƙara rabin kofi mai zafi.

A nan ne mutane da yawa suke karaya. Bayan awa 3 naman ya nuna, amma ya fi dā tauri, sai a ce dabarar ƙarya ce a sauke. Jijiyar ta gama ƙanƙancewa ne, ba ta gama narkewa ba. A mai da murfi. Kilo 2 na matashin sa yakan ci awa 4 zuwa 5. Na tsohon san noma yana iya kai awa 6 ko ya wuce. Agogo ba shi ne alƙali ba. A soka tsinken tsire a wuri mafi kauri: idan ya shige ya fita kamar a cikin dafaffiyar kabewa, ya yi.

Miyar shafawa

Waɗansu Amurkawa sukan shafa wa gashinsu miyar tumatir mai zaƙi da tsami, mutanen tsakiyar Tekzas kuwa da yawansu ba su damu da ita ba. Mu a ganinmu naman da ba shi da kitse sosai yana bukatarta. A tsiyaye romon da ke tukunya, a kwashe man da ya taso. A haɗa romon da markaɗaɗɗen tumatir kofi 1, ruwan tsamiya babban cokali 2, da zuma ko mazarƙwaila cokali 2. A dafa har ta yi kauri. A shafe naman da rabi, a mai da shi tanderu a buɗe na minti 15 zuwa 20 da wuta mai ɗan ƙarfi, har bayansa ya yi duhu yana sheƙi. A tsaya a kansa, gama zaƙi ba ya wuyar ƙonewa.

Yanka

Kada a sa wuƙa nan take, ko da yara sun kewaye ku. A rufe a bar shi ya huta rabin awa zuwa awa 1, in ba haka ba ruwansa zai malale a kan faranti. Sa'an nan ku dubi yadda zaren naman ya kwanta, ku yanka a gicciye, kaurin fensir. Wanda ya bi tsawon zaren ya mai da aikin awa 5 baya, gama haƙori ne zai yi abin da wuƙa ta ƙi yi. Ƙirji tsoka biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, zarensu kuma ba hanya ɗaya ya bi ba. Idan kun kai wurin da kitse ya raba su, ku ware su, ku juya ta saman kafin ku ci gaba.

A yanka abin da za a ci kawai, domin yankakke yakan bushe da sauri. Yana tafiya da shinkafa, da doya, da gurasa, ragowar miyar a gefe. Abin da ya saura kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Mai firij ya sa shi ciki tare da romonsa. Wanda ba shi da firij ya mai da shi cikin romo ya tafasa shi sosai da dare, ya rufe kada kowa ya sa hannu, ya sāke tafasawa da sassafe, a cinye shi a karin kumallo.