Awo Tun Ciki Bai Fito Ba: Shawarwari Ga Uwargida, Maigida Da Surukai

A gidajenmu da dama ba a tayar da zancen awo sai ciki ya turo riga, ya kai wata 6 ko 7. Mai cikin fari kunya ke rufe mata baki, wadda ta haifi biyar ko shida kuwa gani take ta riga ta san hanya. Alhali kafin ciki ya fito, cikin ikon Allah, an daɗe da ƙaga zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙodar ɗan tayi. Wanda ya makara a farko, akwai abin da ba zai iya ramawa a ƙarshe ba.

1. A riƙe ranar da al'adar ƙarshe ta fara. Daga ita ma'aikatan lafiya suke ƙirga mako 40 na goyon ciki. Uwargida, ki rubuta ta a takarda ko a waya. "Wajejen ƙaramar salla ne" ba ya isa a gane ko ɗan tayi yana girma daidai da kwanakinsa.

2. A je awon farko kafin mako 12. Tun a shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farkon kuma ya kasance cikin watanni ukun farko. Dalili yana cikin mahaifa. Wajen mako na 6 zuciyar ɗan tayi ta fara bugawa, kuma bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa. A lokacin mace ba ta fi mako 2 da ɓatan wata ba, wata ma ba ta tabbatar ciki ne ba. Zuwa mako na 10 an kafa dukkan manyan gaɓoɓi, yatsu sun rabu. A mako na 12 tsawonsa bai wuce ɗan yatsan hannu ba, amma ƙodarsa ta fara fitar da fitsari. Abin da ya rage daga nan girma ne da ƙosawa. Don haka duk abin da zai gyara halittar jariri ko ya taɓa ta, a waɗannan makonni ya fi tasiri. Iyayenmu surukai, ku ne za ku cire wa yarinyar nan kunya. In kun ga laulayi, ku ce mata ta shirya a je.

3. A sha maganin ƙarin jini kullum. Ƙananan ƙwayoyin da ake bayarwa a awo suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da kuma folik asid, maikurogiram 400 a rana. Folik asid ne ke taimaka wa bututun lakar baya ya rufe daidai, shi ya sa wadda ke sa ran samun ciki gara ta fara sha tun kafin ya shiga. Bayan gida zai iya yin baƙi, wannan ba komai ba ne. Kada a haɗa maganin da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfen. Maganar cewa maganin yana sa jariri ya yi ƙato har haihuwa ta gagara ba ta da tushe. Abin tsoro shi ne mace ta shiga naƙuda ba jini a jikinta. A haɗa da wake, zogale, ƙwai, kifi da nama gwargwadon hali, gishirin girki kuma ya zama mai aidin.

4. Kada a sayi magani a kemis ba tare da an faɗi akwai ciki ba. Wasu magungunan farfaɗiya da na hawan jini suna taɓa halittar ɗan tayi, ibuprofen da diclofenac kuma suna da haɗari a watannin ƙarshe. Wadda take kan magani tun da, kada ta daina da kanta, ta je likita ya duba ko za a sauya. Jiƙe-jiƙen maganin zaƙi ma a bar su, tunda babu mai iya faɗin ƙarfin abin da ke cikin kofin.

5. A yi hoton ciki ko sau ɗaya kafin mako 24. Na farko-farko ya fi faɗin kwanakin ciki daidai, kuma yana nuna ko tagwaye ne. A wanda aka yi tsakanin mako 18 da 22 ana ganin kai da zuciya da ƙashin baya, da inda mabiyiya ta zauna, ko ta sauko kusa da bakin mahaifa. Abin takaici ne a biya kuɗin hoto a fito ba a tambayi komai ba sai "namiji ne ko mace?"

6. A kwana a gidan sauro. Zazzaɓin cizon sauro yana ɓuya a mabiyiya ya rage abincin da ke isa ga ɗan tayi, sai a haife shi ƙasa da kilo 2.5, ko ya zo bakwaini. Daga mako na 13 ana ba da Fansidar wata-wata, aƙalla sau 3. Wadda take shan Septrin kullum ta faɗa, domin ba a haɗa su.

7. Kada a raina tef da ma'aunin jini. Wajen mako 20 mahaifa tana kaiwa cibiya, daga mako 24 kuma tsawon ciki a santimita kan yi kusa da adadin makonni. In ya yi ƙasa sosai ko sama sosai, sai a bincika. Jini kuwa in ya kai 140 bisa 90, ga furotin a fitsari, hanyar jijjiga ce, kuma mace za ta iya ɗauke da shi tana ta hidimarta ba ta jin komai.

8. A yi gwajin jini da allurar tetanus. A san rukunin jini da jinotayif, a duba ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, domin akwai hanyar kare jariri daga ukun nan in an gano da wuri.

9. Uwargida, ki san motsin ɗanki. Ana fara jin sa tsakanin mako 16 da 22. Daga wata na 7 ki lura da lokutan da ya saba motsi. Ba gaskiya ba ne cewa yana daina motsi in haihuwa ta matso. In ya ragu, ki je asibiti a ranar, kada ki jira gari ya waye.

10. Maigida, wannan taka ce. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, ko fashewar faya kafin lokaci, duk ba sa jiran ka dawo daga kasuwa ko gona. Ka ware kuɗin mota, ka nemo mai ba da jini tun yanzu, ka ajiye katin awo inda kowa ya sani. Sannan ka faɗa a gaban mahaifiyarka da mutanen gida cewa duk ranar da ɗaya daga cikin alamun nan ta bayyana, ka ba da izini a kai matarka asibiti ko kana nan ko ba ka nan.