Tsofaffi a Ƙofar Gida

A karanta: Zakariya 8:1-8

Bisa ga farkon sura 7, wannan magana ta zo wa annabi Zakariya a shekara ta huɗu ta sarautar Dariyus sarkin Farisa, wato wajen shekara 518 kafin haihuwar Almasihu. Kusan shekara 70 ke nan da Babilawa suka rushe Urushalima. Waɗanda suka komo daga bauta kango suka iske. Ba a gama ginin Haikali ba tukuna, ganuwa kuwa tana zube.

Da mu aka tambaya alamar garin da ya farfaɗo, da mun ce babbar kasuwa, ko sojoji, ko benaye. Amma ku dubi aya 4 da 5. Alamar da Ubangiji ya bayar ita ce yara suna wasa a fili, kakanninsu kuma suna zaune a wurin, da sandunansu. Ku lura da abu biyu. Mutanen nan ba su da sauran ƙarfi, gama mai ƙarfi ba ya bukatar sanda. Duk da haka a waje suke, cikin jama'a, ba a ƙuryar ɗaki ba. Ashe an shirya garin yadda mai rarrauniyar ƙafa zai iya fitowa.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ga abin da ya faru a birnin Shikago na Amurka cikin watan Yuli na 1995. Zafi ya sauko musu, ran 13 ga wata ma'auni ya kai 41. Cikin mako guda mutum fiye da 700 suka mutu, yawancinsu tsofaffi. Jikin tsoho ba ya yin gumi sosai kamar na saurayi, ba ya kuwa jin ƙishirwa da wuri, saboda haka zafi yakan ci shi bai sani ba. Da yawa an same su su kaɗai cikin ɗaki, tagogi a rufe don tsoron ɓarayi. Gawa 41 ba wanda ya zo nemansu, hukuma ce ta binne su a rami ɗaya.

Wani malami mai suna Eric Klinenberg ya bi diddigin al'amarin, ya buga abin da ya gano a 2002. Ya gwada unguwa biyu da ke maƙwabtaka, Lawndale ta Arewa da Lawndale ta Kudu. Rana ɗaya ce ta doke su, duka biyun kuwa akwai matalautan tsofaffi masu zaman kaɗaici. Amma idan aka auna da yawan jama'a, mutuwar da aka yi a ta Arewa ta ninka ta Kudu wajen sau goma.

Me ya raba su? A ta Arewa masana'antu sun rufe, mutane sun watse, fiye da rabinsu sun tashi tsakanin 1960 da 1990. Sai kangaye da filaye masu ciyawa, kantuna kaɗan, ga tsoron 'yan iska. Tsoho ba shi da wurin zuwa, sai ya kulle ƙofa. A ta Kudu kuwa titi cike yake da kantuna da 'yan tireda da masu wucewa. Tsohuwa takan fita sayen burodi, ta shiga kanti mai sanyi ta huta, ta gaisa da mutane. Ran da ba a gan ta ba, wani zai ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ba asibiti ne ya bambanta su ba, titi ne.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora bayan an tambayi tsofaffi a birane 33 abin da ke damunsu. Ba manyan abubuwa suka roƙa ba: wurin zama a bakin hanya, gefen titi marar ramuka, makewayi, da isasshen lokacin ƙetare titi. A Singafo ma tun 2009 aka fara sa na'ura a jikin fitilar hanya, tsoho ya goga katinsa, a ƙara masa lokacin ƙetarewa.

To, 'yan'uwa, kakanninmu sun san wannan ba tare da littafi ba. Mene ne amfanin dakali a ƙofar gida, da zaure, da inuwar ceɗiya ko durumi? Can dattijo yakan zauna, mai wucewa ya durƙusa ya gaishe shi, yara su kawo masa ƙara. Lungu ba ya ɗaukar mota, saboda haka mai sanda yakan tafi gaisuwa a hankalinsa. Yanzu fa? A sababbin unguwanni kowa ya ja katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, an sare itatuwa, kwata a buɗe, babura suna gudu har bakin ƙofa. Mun kawo Baba daga ƙauye domin mu kula da shi, muka zaunar da shi gaban talabijin. Abinci yana samu, magani yana samu. Amma ƙafar da ba ta tafiya takan mutu da sauri, daga nan sai faɗuwa, daga faɗuwa sai kwanciya. A ganina wannan kulawa da saura.

Ekklisiya ba ta shata titi, amma tana da fili, tana kuwa da murya a unguwa. Harabar majami'a da yawa a kulle take daga Litinin zuwa Asabar. Me zai hana a dasa darbejiya, a ajiye benci biyu da randar ruwa, a bar ƙofa a buɗe da la'asar ga kowane tsoho na unguwa, Kirista da Musulmi? Matakalan da muka yi masu tsawo, a sa musu abin dafawa. Inda kwata ta tare hanya, samari su ɗora katako ko su je wurin mai unguwa.

Aikin wannan wata: dattawan ekklisiya da Zumuntar Mata su zauna su rubuta sunan kowane tsoho da ya daina zuwa sujada. A je a tambaye shi abin da ya hana shi, ko ciwo ne, ko titin da ba ya iya ƙetarewa. A gama wannan kafin zafin Maris ya shigo, a kuma raba sunayen, kowane tsoho ya san wanda zai leƙo shi kullum.