Shin ƙanƙara ba ta ɓata ƙwayar halitta kafin a ɗauki hotonta?

Wani ɗalibin gwaje-gwajen asibiti daga Tudun Wadan Zariya ya ce ya ji masana kan daskarar da ƙwayar halitta don su ɗauki hoton cikinta ta kowace fuska. To, ƙanƙarar ba ta lalata ta?

Malam, ka yi tambaya mai kyau. Madubin da kuke duba jinin mai zazzaɓin cizon sauro da shi yana amfani ne da haske, kuma ba ya tantance abin da bai kai nanomita 200 ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi a Jamus wanda ke harba ilektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, maimakon haske. Sai dai dole a zuƙe iskar cikinsa ƙaf, nan take kuma ruwan ƙwayar halitta ya ƙafe, ta yamutse. Shi ya sa ake fara daskarar da ita.

Gaskiyarka, ƙanƙara irin ta firiza ɓarna take yi. Ai ka ga yadda tumatir ke lugwigwitawa idan ya narke: ruwansa ne ya daskare a hankali, ya yi tsini-tsini, ya huda bangon ƙwayoyin. Dabarar ita ce gaggawa. A farkon shekarun 1980, Jacques Dubochet ya nuna cewa idan aka tsunduma samfuri siriri cikin ruwan iskar itan da aka sanyaya da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ruwan cikin samfurin kan sandare kamar gilashi tun bai samu damar yin tsini ba. Komai na tsayawa daidai inda yake. A ganina wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya.

Idan ƙwayar ta yi kauri, sai a fere ta da harbin ƙwayoyin ƙarfen galiyom har ta koma kimanin nanomita 200. Daga nan a riƙa karkata ta kaɗan-kaɗan, zuwa digiri 60 ta kowane gefe, ana ɗaukar hoto, kwamfuta ta harhaɗa su su ba da tsawo da faɗi da zurfi. Ana takatsantsan da yawan harbin, domin ilektron ɗin kansu suna ƙona samfurin.

A 2017 Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson suka karɓi kyautar Nobel ta ilmin sinadarai saboda wannan fanni, kuma da madubin ilektron mai duba daskararren samfuri aka fitar da siffar ƙayar ƙwayar cutar korona a farkon 2020.