DARASI: TSIRO MAI TULU DA AWON TAKI

'Yan'uwa manoma na Kankiya da Kusada, buhun taki ya yi tsada, saboda haka darasinmu na wannan wata a kan awonsa ne. Za mu ɗauki misali daga wani tsiro na ƙasashen nesa.

Tsiro mai cin ƙwari

A dazuzzukan Borniyo da Sumatara da Madagaska akwai tsiro mai yaɗo da masana ke kira Nefentis. Ƙasar da yake fita ba ta da naitirojin sosai, watau abincin da ke sa ganye ya yi kore shar. Sai bakin ganyensa ya zama kamar ɗan tulu mai murfi, da ruwa a ciki. Zaƙin da ke bakin tulun yakan jawo tururuwa da ƙudaje, santsi ya kwashe su, su faɗa ciki su narke, tsiron ya sha.

Masu renonsa a tukwane sun gane cewa in aka tula masa taki a gindi, saiwarsa takan ƙone, ko ya daina fid da tulu. Don haka sukan tsarma taki da ruwa mai yawa, su ba shi kaɗan kaɗan.

Abin koyi a gonakinmu

Kowane tsiro da abincinsa, da awonsa, da lokacinsa. Yawancin gonakinmu jigawa ne. Takin da aka watsa barkatai, ruwan sama yakan wanke shi ya nutse inda saiwa ba ta kai.

1. Mu fara da takin gargajiya wanda ya ruɓe. Shi ke riƙe laima, yana kuma rage wuta-wuta, wadda ta fi son gajiyayyiyar gona.
2. Ran shukar gero ko dawa, mu sa kamfa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, kimanin giram 6, a kowane gurbi. Masanan ICRISAT sun gwada wannan dabara a Jamhuriyar Nijar tun shekarun 1990. Gurbi 10,000 zai ci kilo 60, watau buhu ɗaya da kilo 10.
3. Kada takin ya taɓa iri. Mu raba su da 'yar ƙasa.
4. Yuriya tana da ƙarfi, kashi 46 cikin 100 naitirojin ne. Mu sa ta bayan noman firi, ƙasa na da laima, tazarar yatsu huɗu daga gindi, mu binne. Wadda aka bari a sarari, ƙarfinta yakan bi iska.
5. Gyaɗa da wake suna samun naitirojin daga iska ta ƙululun da ke saiwarsu. Supa suke bukata. Yawan yuriya ganye zai ba mu, ba 'ya'ya ba.

Aikin ƙungiya

Kowace ƙungiya ta ware kunya 10 ta bi wannan awo, ta bar 10 yadda aka saba. Da kaka mu ƙirga dammunan kowane gefe, mu kawo lissafin wurin taro.