Kada Ka Share Filin Nan Tas

Ɗana, an ce mini ka karɓi filin nan na bakin fadama a Gafasa, za ka yi lambu. Allah ya sanya albarka. Na kuma ji ka yi magana da masu gatari su share shi tas. To, dakata tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Fara zagaya filin da ƙafa. Duk gawon da ka gani, ƙyale shi. Da damina, lokacin da shuka ke son rana, shi yake kaɗe ganyensa. Ganyen ya ruɓe a gindi, ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore shar, 'ya'yansa su zubo wa awaki da tumaki. In kaka ta yi, ka gwada zangarniyar geron da ke ƙarƙashinsa da ta tsakiyar fili. Ba sai wani ya yi maka bayani ba.

Kututturen sabara da na kalgo ma kada ka tumɓuke. Saiwarsu na nan da rai a ƙasa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun gane haka. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aikin raya kututture da manoman can a 1983, yunwar 1984 kuma ta sa mutane suka karɓa. In kututture ya yi toho, sai su zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi, su sare sauran. Suna kiransa sassaben zamani. Babu sayen dashe, babu ban ruwa. Yau ana maganar kusan hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya.

Na san idonka na kan bishiyar turare, don saurin girmanta. Ba laifi ba ne son abin da ke saurin biya. Amma baƙuwa ce, shan ruwanta kuma ba kaɗan ba. Kada ka kai ta kusa da rijiya. Kanya, aduwa, magarya, kurna da tsamiya sun san farinmu. Sun ga na 1973, ga su nan tsaye.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ruwa. Ƙasarmu ta Ajingi da Gaya rairayi ce, ba ta da riƙo. In ka bar ta tsirara, ruwan farko zai kwashe samanta. Ya haɗa da takin zamanin da ka saya da tsada, ya zuba a tafki. Tafkin ya cike da yashi, ruwan ya yi gansakuka. Can shanu ke sha, can yara ke wanka. Abin da ya wuce kuma kogin Haɗeja ya nufa. Mutanen can ƙasa, wajen Haɗeja da Nguru, da ma suna fama. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, gudun ruwan ya sauya, kachalla ta toshe musu hanyoyinsa. Kada mu ƙara musu da namu.

Maganin ba wuya. Bar taku goma tsakanin kwaminka na ƙarshe da bakin ruwa, kada fartanya ta taɓa wurin. Dasa gamba a jere. Saiwarta na kama ƙasa, ta tare yashi, ruwa ya samu ya nutse. Da kaka kuma ka yanke ta ka saƙa zana. Ka ga ba ka yi asara ba.

'Yar sarƙaƙiyar nan ta bakin ruwa ita ce gidan ƙudan zuma da tsuntsaye masu cin tsutsa. Kabewarka da kankanarka ba za su yi 'ya'ya sosai ba sai zuma ta bi furen. Don haka ka rage feshi, ka yawaita takin gida. In ya zama dole, ka fesa da yamma lis, ba a kan fure ba. Famfon feshin kuma kada a wanke shi a tafki ko bakin rijiya. Ka ja wa yaranka kunne a kan wannan, har da kwalaben maganin, kada kowa ya zuba ruwan sha a ciki.